ƘWALLON 'YA'YAN TALAKAWA BA KAYAN ZAƁE BA NE

Yau muna so mu yi magana a kan wani abu wanda da yawa daga cikin manyanmu su ke ɗauka wasan yara ne, bai isa a ɓata masa tawada a jaridar jam'iyya ba, watau ƙwallon ƙafa. Muna roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Duk wanda ya tashi daga kasuwa bayan la'asar ya bi ta lungunan unguwa ya san abin da zai gani. Yara ne ba takalmi, sun ajiye duwatsu biyu nan, biyu can, sun ce raga ke nan. Ƙwallon ta sha ɗinki har ta gaji. In mota ta taho su dare, in ta wuce su koma. In ƙwallon ta faɗa kwata, ƙaramin cikinsu shi zai tsamo ta da hannu. In kuwa ta faɗa gidan mafaɗaci, to, sai dai a ji ƙarar wuƙa. Babu wani babba a kansu, babu mai tambayar wane ne ya je makaranta yau, wane ne ya karya kumallo.

Ba a tunawa da yaran nan sai shekarar zaɓe. A sa'an nan ne za ka ga mai neman kujera ya sauko da riguna masu hotonsa a ƙirji, ya sa kofi da sunansa, a yi wasan ƙarshe da makaɗa da maroƙa. Ana gama jefa ƙuri'a, kofi ya ɓace, mai kofi ya ɓace. Abin da ya fi muni shi ne, manyan cikin yaran, waɗanda aka ga suna da ƙarfi da zafin nama, su ne ake kwashewa daga fili a zuba a bayan mota da gora a hannu da ƙwaya a aljihu. Jiya ɗan wasa, yau ɗan jagaliya. Ba za mu ɓoye ba, har a cikin jam'iyyarmu akan sami mai zuwa ofis ya ce mu ma mu buga riguna da tutarmu mu raba. Mun ce a'a, kuma ga dalilinmu. Akwai wuraren da kulob ɗin ƙwallo ya zama uwa da uba ga 'ya'yan matalauta, kuma duk inda haka ta faru za ka tarar kulob ɗin na mutanen unguwa ne, ba na mai neman ƙuri'a ba. Bari mu kawo muku labari biyu, tsakaninsu shekara 100 cif.

TUKUNYAR GILASGO

Na farko a birnin Gilasgo ne, a ƙasar Skotlan. A wancan zamani gabashin birnin cike ya ke da mutanen Ayalan waɗanda yunwa da talauci suka koro daga ƙasarsu. Suna aikin ƙarfi a masana'antu, suna kwana a cunkushe, 'ya'yansu suna zuwa makaranta da yunwa. Akwai wani malamin makaranta na ɗariƙar Katolika a cikinsu, ana ce masa Brother Walfrid, shi ma mutumin Ayalan ne. Yana dafa wa yaran abinci da kuɗin sadaka, sadakar ba ta isa. Sai ya lura mutane suna biyan kuɗi su shiga kallon ƙwallo. A ranar 6 ga Nuwamba 1887 ya tara mutanen unguwa a zauren majami'arsu, suka kafa kulob domin kuɗin ƙofa ya riƙa shiga tukunyar yaran. Sunan kulob ɗin Celtic. Shi ne dai Celtic ɗin da ya ɗauki kofin Turai a 1967, na farko a duk Birtaniya, kuma 'yan wasan da suka ɗauko shi duk haifaffun Gilasgo ne da kewayenta.

Waɗanda suka zauna a bencin makarantar Mishan a cikinmu sun san wannan dabara, don an yi mana ita. Wanda bai zo aji ba, ba ya taɓa ƙwallo da yamma. Da yawanmu don ƙwallon muka riƙa zuwa, lissafi da Turanci suka shige mu ba mu sani ba.

Amma labarin yana da wutsiya, kuma saboda wutsiyar muka kawo shi. Da kulob ya yi suna, kuɗi ya fara shigowa da yawa, sai masu hannu da shuni suka kewaye shi. Aka yi wa malamin canjin wurin aiki zuwa Landan. A 1897 aka mai da kulob ɗin kamfani mai hannun jari, riba ta koma aljihun masu jari, rabon tukunyar yara ya ragu ƙwarai. Shekara 10 kacal. Yau kulob ɗin yana da asusun taimako na musamman, amma wancan darasi yana nan: abin da talakawa suka shuka, in ba su tsare shi ba, wani ne zai girbe.

MATHARE

Labari na biyu a nan Afirka ya faru, kuma shi ne ya fi kama da namu. A birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai wata unguwa a cikin kwari ana ce mata Mathare. Ba ta da nisa da manyan benaye na tsakiyar birni, amma gidajenta na laka ne da tsohon kwano, mutane dubu ɗaruruwa a cushe, ba magudanar ruwa ta kirki, juji a kowace kusurwa. In aka yi ruwan sama, ƙazanta ta bi lungu, amai da gudawa su bi yara.

A 1987 wani mutumin Kanada mai suna Bob Munro, wanda ke aikin ba da shawara kan tsaftar muhalli, ya tarar da yaran unguwar suna buga ƙwallon da suka yi da leda suka ɗaure da igiya. Bai ba su kuɗi ya wuce ba. Ya ce zai taimake su su shirya gasa ta sosai, da ƙwallo ta gaske da alƙalin wasa, amma da sharaɗi: in sun yi wani abu, ƙungiya za ta yi musu wani abu, in sun naɗe hannu, ita ma ta naɗe. Da haka aka kafa ƙungiyar wasannin matasan Mathare, wadda ake taƙaita sunanta da MYSA.

To, ku saurari yadda suka tsara abin, don a nan hikimar ta ke. A gasar ƙwallo ko'ina, wanda ya ci wasa yana samun maki 3. A Mathare haka ne, amma kulob ɗin da ya fito da shebur da manjagara da baro ya kwashe juji, ya yashe kwata, ana rubuta masa maki 6 a jadawalin gasar. Watau aikin gayya ɗaya daidai ya ke da cin wasa biyu. Kulob ba zai yi fatan ɗaukar kofi ba in yana ƙyamar shebur, komai gwanintar 'yan wasansa. Yaron da uwarsa ta yi ta fama ya share ƙofar gida ya ƙi, sai ga shi da sassafe yana tashin abokansa su je yasar kwata, don kada kulob ɗin unguwar gaba ya wuce su. Ba bulala, ba ɗan sanda, ba tara. Abin da yaro ya ke so aka ɗaura wa abin da unguwa ta ke bukata.

Abu na biyu, yaran da kansu ke riƙe da ƙungiyar. An raba unguwannin shiyya-shiyya, kowace shiyya tana zaɓen shugabanninta daga cikin matasan. Su ne masu horarwa, su ne masu busa usur, su ne masu rubuta sakamako. Yaro ɗan shekara 16 yana jagorantar taro, yana sauraron ƙara, yana yanke hukunci a kan abokinsa bisa doka. Mu da mu ke faɗa kullum cewa talaka ya isa ya mulki kansa, ina makarantar da ta fi wannan?

Abu na uku, karatu. Duk yaron da ya yi wa ƙungiya aiki, ko horarwa, ko alƙalanci, ko shara, ana tara masa maki nasa na kansa. A ƙarshen shekara waɗanda suka fi maki, ɗaruruwansu, ana ba su kyautar kuɗin makaranta. Kuɗin kuwa ba a hannun yaro ake sa shi ba, ba a hannun ubansa ba, kai tsaye ake biya wa makaranta. Wanda ya san halin gidan da babu, ya san dalilin haka. Bayan wannan suka buɗe ɗakunan karatu a cikin unguwannin, inda yaron da ɗakinsu ba fitila zai zauna ya yi aikin gida.

Daga nan abin ya yi ta rassa. A 1992 aka fara gasar 'yan mata. A 1994, lokacin da cutar ƙanjamau ke cin mutane a Kenya, aka koyar da matasan su riƙa yi wa 'yan'uwansu gargaɗi a bakin fili kafin a take wasa, don yaro ya fi jin maganar tsaransa. Suka kuma shiga kai abinci ga yaran titi da aka kama aka tsare, suna neman iyayensu suna mai da su gida. Ƙungiyar da ta fara da ƙwallon leda ta kai matsayin da yara fiye da 20,000 ke wasa a ƙarƙashinta.

Ƙwallon ita kanta fa? Ba ta lalace ba. A 1994 manyan yaran suka kafa kulob mai suna Mathare United, aka ɗora wa kowane ɗan wasa sa'o'in aikin unguwa a kowane wata. A 1998 suka ɗauki kofin ƙalubale na ƙasar Kenya, a 2008 suka zama zakarun babbar gasar ƙasar gaba ɗaya. Dennis Oliech, wanda ya yi wasa a Faransa ya kuma ci wa Kenya ƙwallaye masu yawa, ya bi ta wannan kulob. 'Ya'yan juji suka doke kulob-kulob na kamfanoni da na hukuma.

Kada a ce mun zuga abin fiye da kima. Ƙwallo ba ta kori talauci daga Mathare ba, har gobe unguwar matalauta ce. Kuma kaso mai yawa na kuɗin ƙungiyar daga masu taimako na ƙasashen Turai ya riƙa zuwa, wanda ya dogara da tuwon maƙwabci kuwa wata rana zai kwana da yunwa. A 2022 kuɗi ya yanke wa Mathare United har ta kasa fita wasu wasanni. Bob Munro ya rasu a farkon 2025. Amma dubban yaran da suka gama makaranta, da kwatocin da aka yashe, da matasan da suka koyi riƙon amana, waɗannan ba mai iya ƙwace su.

MU FA?

Mu a nan ba mu rasa son ƙwallo ba. A je filin wasa na Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa a gani. Kulob ɗin da aka kafa a 1990 ya ɗauki gasar ƙasa a 2008, ya kuma ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ba mu rasa gwanaye ba. Ahmed Musa, haifaffen Jos, daga Pillars ya tafi Turai, ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Aisilan biyu a ta 2018. 'Yan'uwanmu na zango a Gana su ma suna alfahari da Mohammed Kudus, wanda ya taso a unguwar Nima ta birnin Ankara. Abin da muka rasa abu uku ne.

Na farko fili. Filayen da muka yi wasa a cikinsu muna yara, ina su ke? Wata safiya sai a ga safiyo ya zo da ma'auni, a kafa turaku, kafin wata uku shaguna sun tashi. Filin makarantar firamare ma ba a bar shi ba, ana yanka gefensa ana sayarwa. Ku iyayenmu 'yan kasuwa, wannan magana ta shafe ku kai tsaye, don wani lokaci ku ake kawo wa takardar shagon. Kafin ka biya, ka tambaya a kan me aka gina shi. Yaron da aka kora daga fili ba gida zai koma ba, kango zai shiga, kuma wanda ya koyi shaye-shaye a kango, ƙofar shagonka zai fara ɓallewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu mallaka. Yawancin manyan kulob-kulob na ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne. Wanda ke kan kujera shi ke naɗa shugabanni, shi ke sakin kuɗi ranar da ya ga dama. Kulob ɗin da cinsa da shansa ke hannun mutum ɗaya, fuskarsa tana duban gidan gwamnati, bayansa yana duban unguwa. Ƙananan kulob na lungu kuwa, waɗanda su ne ke riƙe da yaran, wani bawan Allah ne, tela ko makanike, ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ba mai ce masa sannu.

Na uku gaskiya. Ana cika wa yaranmu kunne da cewa kowa zai zama Ahmed Musa. Ƙarya ne. A cikin yaran da ke cike da fili, wanda zai ci abinci da ƙafarsa bai taka kara ya karya ba. A wannan ƙofa ce 'yan damfara ke shigowa. Mutum ya zo da jaka da hotuna ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, yana da kulob a Turai, a kawo kuɗin fasfo da na jirgi. Uba ya sayar da gona, uwa ta sayar da kayan ɗakinta, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba kulob ba kuɗin dawowa. Ku riƙe wannan: dokar hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba a kai shi kulob a wata ƙasa, sai da 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can don wata sana'a tasu. Kuma kulob na gaske shi ke biya, ba a biyansa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a kai ɗanka ɗan shekara 15 Turai, ka riƙe aljihunka.

Akwai kuma wata doka da ya kamata masu ƙananan kulob su sani. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, FIFA ta ce a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Amma ba a ba wanda ba shi da rajista da hukumar ƙwallo, ba a ba wanda bai rubuta sunan yaro ba. Tela ya yi shekara biyar yana wahala da yaro, ranar rabo a ce ba a san shi ba, don babu takarda. Mu ma'aikatan ofis mun sha faɗa muku, abin da ba a rubuta ba, a gaban hukuma bai faru ba.

GA MALAMAI DA IYAYE

Mun san akwai masu cewa ƙwallo tana hana salla, tana hana Islamiyya, tana kawo caca da faɗa. Ba mu ce ƙarya su ke yi ba. Mun ga yaran da magariba ke wucewa suna fili, mun ga waɗanda suka fasa wa juna kai a gidan kallo saboda kulob ɗin Ingila da bai san da zamansu ba. Amma ku duba da kyau, duk wannan ƙwallon da ba ta da mai ita ce. Hana yaro ƙwallo ba zai yiwu ba, an gwada shekara da shekaru. Abin da zai yiwu shi ne a sa babba a kanta. In mutanen Mathare sun iya sa maki a kan shara, me zai hana mu sa doka cewa ana kiran salla usur zai tashi, kuma wanda malaminsa bai sa masa hannu a kati ba ba zai sa riga ranar wasa ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, igiyar tanƙwarawar kuwa ga ta a hannunmu muna jefarwa.

ABIN DA MU KE KIRA A YI

Ɗaya. Kowane reshe ya zagaya unguwarsa ya rubuta filayen da suka rage, na makaranta da na jama'a, da sunan wurin da girmansa. A kawo mana ofis, mu buga a wannan jarida, don duk wanda ya zo yanka ya san idon jama'a na kansa.

Biyu. A kafa kwamitin kulob a unguwa, a sa liman ko malamin Islamiyya, da malamin boko, da ɗan kasuwa, da uwa ɗaya aƙalla, da matasa biyu waɗanda yaran suka zaɓa da kansu. Kada a tambayi kowa katin jam'iyya. Ɗan abokin hamayyarmu shi ma ɗa ne, kuma ɗa na kowa ne.

Uku. 'Yan kasuwa su yi karo-karo kamar yadda su ke adashi, kowane layi da abin da ya sawwaƙa a mako. Mai hatsi ya ba da mudu, mai yadi ya ba da yadi, tela ya ɗinka. A naɗa ma'aji, a ba da rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Kuɗin da aka tara kaɗan-kaɗan daga hannu ɗari ya fi buhun kuɗi daga hannu ɗaya, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Huɗu. A sa maki a kan aikin gayya da zuwa makaranta. Abin da ya ragu a asusu a biya wa yara masu ƙoƙari kuɗin makaranta ko na koyon sana'a, a hannun makarantar ko maigidan sana'ar. 'Yan mata ma kada a manta da su, a nema musu wuri a cikin makarantunsu a hannun malamai mata, da yardar iyayensu.

Biyar. A yi wa kulob rajista, a buɗe littafi, a rubuta sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya.

Shida. Kada hoton kowa ya hau rigar yara, ko na ɗan takararsu, ko na namu. Sunan unguwa ya isa. Wanda ya ke son taimakawa don Allah, ga ma'aji nan, ya karɓi rasit kamar kowa.

Wani zai ce, to, jam'iyya me za ta samu? Za ta sami matasan da suka saba zaɓen shugabansu da hannunsu, suka saba tambayar ma'aji ina kuɗi. Yaron da ya saba haka tun yana ɗan shekara 15, ranar da ya girma ba za a saye shi da taliya da sabulu ba. Ko mu ya zaɓa, ko wasu, ƙuri'arsa tasa ce, kuma don haka aka kafa jam'iyyar talakawa tun farko.

Ranar taron reshe mai zuwa, kowa ya zo da sunan fili ɗaya da sunan mutum ɗaya da ke wahala da yaran unguwarsu. Daga nan za mu fara. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba talaka sawaba, amin.